Bitar FamilySearch: Shekara Guda Ina Ajiye Labarin Kakana a Sashen Memories

Abin da na gada game da kakana na wajen uba bai wuce abu uku ba: sunansa, da hoto guda wanda danshi ya cinye gefensa, da takardar sallama daga aikin gyaran layin dogo, wadda ke ɗauke da dangwalen babban yatsansa a inda ya kamata a ga sa hannu. Ya rasu shekaru da dama kafin a haife ni, mahaifina kuma mutum ne mai ƙarancin magana a kan abin da ya wuce, saboda haka na tashi ina jin sunan kamar yadda ake jin sunan garin da ba a taɓa zuwa ba. Da na fara tattara salsalar gidanmu sai na tarar cewa jera sunaye ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce a sa mai karatu ya yarda cewa mai sunan nan ya taɓa jin tsoro, ya taɓa yin fushi, ya taɓa yin abin da aka yi masa dariya. Wannan buƙata ce ta kai ni shafin FamilySearch, musamman sashensa da ake kira Memories, inda ake ajiye hotuna da takardu da muryoyi da rubutattun labarai, a maƙala su a jikin sunan mutum. Na haura shekara guda ina aiki da shi, kuma hukuncina shi ne cewa rumbu ne mai kyau ƙwarai, na kyauta, amma ya bar wa marubuci aikin da ya fi kowanne nauyi, wato rarrabe abin da takarda ta ce, da abin da wani ya ruwaito, da abin da shi marubucin ya ƙaga da kansa.

Ya kamata mutum ya san masu shafin kafin ya miƙa musu sunayen iyayensa. FamilySearch mallakar majami'ar nan ce da aka fi sani da Mormon, mai hedikwata a birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka. Asalinsa wata ƙungiyar binciken nasaba ce da aka kafa a 1894, wadda ta fara ɗaukar hotunan kundayen haihuwa da aure da mutuwa a kan maikurofim (siririn fim da ke ɗaukar ƙananan hotunan takardu) a 1938, daga baya kuma aka haƙa ma'ajiya a cikin wani dutse kusa da birnin domin adana su daga gobara da ruwa. An buɗe shafin intanet ɗin a 1999, sannan a 2021 aka sanar da kammala mayar da naɗin fim kimanin miliyan 2.4 zuwa hotunan da ake gani a kwamfuta. Dalilin wannan ɗawainiya ba ɓoyayye ba ne: akidar majami'ar ta yarda da yin baftisma a madadin matattu, shi ya sa mabiyanta ke neman sunayen kakanninsu ruwa a jallo. Lamarin ya taɓa jawo ƙorafi mai zafi, har a 1995 majami'ar ta ƙulla yarjejeniya da shugabannin Yahudawa a kan sunayen waɗanda 'yan Nazi suka hallaka, kuma ƙa'idarta ita ce mabiyi ya gabatar da sunayen danginsa kaɗai. Wanda ba mabiyi ba yana buɗe asusu kyauta, ba a neman ya sauya addini, kuma ɓangaren ibadar ba ya bayyana a gabansa. Ni dai na auna na ci gaba. Wani yana iya aunawa ya ja da baya, kuma ba zan ga laifinsa ba. Abin da ba zan so ba shi ne mutum ya shiga da ka, bai san wannan ba.

Tsarin shafin yana tsaye ne a kan bishiyar zuri'a guda ɗaya tak ga duniya baki ɗaya, wadda aka buɗe wa kowa a 2013. Manufar ita ce kowane mamaci ya kasance yana da shafi ɗaya da lambar shaida ɗaya, duk wanda ya san wani abu game da shi kuma ya zo ya ƙara a can. Sashen Memories a jikin wannan bishiya yake rataye. Idan ka ɗora hoto, kana iya zagaye fuskar kowane mutum da ke ciki ka haɗa ta da shafinsa, sai hoton ya bayyana a wurin kowannensu, ba sai ka sake ɗorawa ba. Haka ake yi da takarda, da sauti, da labarin da ka rubuta da duk harshen da ka ga dama. Akwai kuma manhajar waya da ke ɗaukar murya kai tsaye. A cikin duk waɗannan, abin da ya fi burge ni shi ne damar liƙa gajeren sauti a jikin hoto, ta yadda mai kallo zai ga fuskar kuma ya ji muryar wanda ya san mai fuskar. Ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne ya buɗe mini bakin da tambayoyina suka kasa buɗewa.

Ranar da na fara zuwa wurin Gwaggo, yayar mahaifina, da takardar tambayoyi na tafi, na jera su tsaf kamar mai aikin ƙidaya. Na kunna waya na ce, "Gwaggo, a wace shekara aka haifi Kaka?" Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ina wurin aka haife shi?" Duk tambayar da ta biyo baya haka ta mutu, daga "ban sani ba" sai "Allah kaɗai ya sani". Sai da na kusa tashi na miƙa mata hoton. Ta kai shi kusa da idonta, ta yi shiru har na zaci ba ta gane shi ba, sannan ta ɗora ɗan yatsa a kan kafaɗarsa ta ce, "Ka ga hannun nan da ya mayar baya? Ba yanga ba ce. Ƙarfe ne ya datse masa yatsa biyu a wurin aiki, ba ya son a gani. Ko gaisawa zai yi sai ya naɗe shi a cikin riga." Na yi shekaru ina kallon hoton nan ban taɓa tambayar kaina me ya sa hannu ɗaya ya ɓuya ba. Daga nan ta yi magana ta kusan awa guda ba tare da na sake cewa uffan ba. Yau wannan jimla tata tana jikin hoton, da muryarta, da ɗan tarin da ta yi kafin ta fara, kuma ban ga rubutun da zan yi ya kamo ƙafarta ba.

Iyakar girman abin da ake ɗorawa megabayit 15 ne, wanda ya ishi hoto da takarda, amma bai ishi doguwar hira mai tsabtar sauti ba. Dole na yanka hirar Gwaggo gunduwa-gunduwa, na ba kowace suna. Da farko na ji haushin hakan, daga baya na ga alfanunsa, domin babu jikan da zai zauna ya saurari awa guda, amma zai saurari minti uku a kan hannun da aka ɓoye. Cikakkiyar hirar dai tana wurina a ma'ajiya biyu, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka da duk abin da ya ɗora a kowane shafi.

Inda na fi son in daɗe shi ne batun takardar sallamar, domin a nan ne na gane ƙarfin wannan hidima da kuma iyakarta. Takardar ta ce an sallami kakana ne saboda rashin lafiya. Gwaggo ta ce ƙarya ce: an zargi wani abokin aikinsa da satar kayan aiki, aka nemi kakana ya ba da shaida a kansa, ya ce bai gani ba kuma ba zai ce ya gani ba, shugabansu ya ƙullace shi, aka fake da rashin lafiya aka kore shi. Baffa, ƙanin mahaifina, da na je wurinsa sai ya ce shi abin da ya sani ciwon ƙirji ne, domin ya tashi yana jin tarin mahaifinsu cikin dare. Da na ƙara bincikawa sai na gane cewa Gwaggo ba ta wuce shekara goma ba lokacin da abin ya faru, kuma daga bakin mahaifiyarta ta ji labarin shaidar, Baffa kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Ga takarda, ga ruwaya ta hannu biyu, ga kuma tunanin yaro, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya isa ya kore sauran.

Ba zan ɓoye abin da na yi ba. Na ɗauki ruwayar Gwaggo, domin ita ta fi daɗi kuma ita ta fi ɗaga darajar gidanmu, na rubuta ta da duk gwanintar da Allah ya ba ni. Na tsayar da kakana a gaban shugaba, na sa masa magana a baki, na sa ruwan sama yana dukan rufin ofis. Da na karanta mata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, ai ka fi ni sani. Wa ya gaya maka ana ruwa?" Kunya ta kama ni, na goge shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na ɗora wancan rubutu, babu abin da zai hana shi zama. A ɓangaren bishiya shafin yana da tsantseni: idan ka sauya shekarar haihuwa akwai gurbin da ake neman ka faɗi dalilinka, akwai wurin liƙa hujja, akwai kundin da ke nuna wanda ya sauya me da kuma yaushe. A ɓangaren labari kuwa fili ne fetal. Ba a tilasta maka ka faɗi wanda ya ba ka labarin, ko daga wa shi ya ji, ko wane yanki ne naka. Labarin da aka rubuta da kyau kuma yana da ƙafa: wani ɗan uwa na nesa zai kwafe shi, wani ya kwafa daga wurinsa, bayan shekara goma ruwan saman da na ƙaga ya zama tarihi, har a yi gardama da wanda ya ce ba a yi shi ba. Wannan, a ganina, shi ne babban giɓin sashen, kuma gurbi ɗaya na "wa ya faɗa" zai rage shi ƙwarai.

Maganin da na samu tsoho ne, malaman hadisi sun daɗe da saninsa: kowane labari da isnadinsa. Yanzu duk abin da na rubuta yana farawa ne da wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da shekarunsa lokacin da abin ya auku, da kuma ko ganau ne ko jiyau. Labarin sallamar na rubuta shi da murya uku a jere, na haɗa shi da hoton takardar da sautin Gwaggo da na Baffa, na bar su suna saɓa wa juna. Abin mamaki, ya fi na farkon rai. Mai karatu yana ganin mutumin da ya rasa yatsa biyu a bakin aiki, aka sallame shi da kalma ɗaya, matarsa ta ci gaba da faɗa wa 'yarta cewa gaskiyarsa ce ta ja masa, ɗansa kuma bai riƙe komai ba sai tari. Ban san wanne ne daidai ba, kuma mai yiwuwa duka ukun ne. A nan hidimar ta yi abin da littafi ba zai iya ba, domin duk hujjojin suna shafi ɗaya, kowa na iya dannawa ya ji da kunnensa ya yanke nasa hukuncin.

Shafin yana kuma haɗa taƙaitaccen tarihin mutum da kansa daga bayanan da aka shigar, ya jera rayuwarsa bisa shekaru tare da taswira. Jerin shekarun yana da amfani wajen kama kuskure, misali uwar da ta haihu bayan ta rasu. Taƙaitaccen tarihin kuwa busasshe ne, an haifi wane, ya auri wance, ya rasu, kuma ban ga laifinsa ba tunda bai yi alkawarin fiye da haka ba.

Game da kundaye, gaskiyar magana ita ce ba kowa zai samu rabo daidai da na wani ba. Tarin yana da kauri ne a inda hukumomi da wuraren ibada suka daɗe suna rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kamar Turai da nahiyar Amurka, yana kuma da siranta a inda aka fi riƙe nasaba a ka. Ko a ƙasashen da ake taƙama da rubutu, akwai ramuka masu zurfi. Mafi yawan takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun salwanta sanadiyyar gobarar 1921. A Dublin, ma'ajiyar takardun gwamnati ta ƙone a 1922 a farkon yaƙin basasa, ta tafi da ƙidayoyin Ailan na farkon ƙarni na 19. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Mafi ɗaci shi ne halin jikokin bayi a Amurka, domin a ƙidayar 1850 da ta 1860 galibi an rubuta bayi ne da shekaru da jinsi da launi a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, sai a 1870 aka fara jera su da sunayensu. A nan dole a yaba wa FamilySearch, wanda ya jagoranci 'yan sa kai daga 2015 zuwa 2016 suka fitar da sunaye kusan miliyan 1.8 daga takardun hukumar da aka kafa a 1865 domin kula da 'yantattun bayi. Yana kuma tura ma'aikata su ɗauki salsalar baka daga bakin dattawa a ƙasashen Afirka da tsibiran tekun Pasifik, wanda ya nuna cewa masu shafin sun yarda takarda ba ita kaɗai ce shaida ba.

Wannan siranta ce ta sa nake ganin sashen Memories ya fi muhimmanci ga wanda bai samu kakansa a kowane kundi ba. Irin wannan mutum ba mai neman takarda ba ne, shi ne zai samar da takardar farko. Masanin tarihin nan ɗan ƙasar Beljiyam, Jan Vansina, ya lura cewa tarihin baka yana da yalwa a kan zamanin da ke kusa, yana da yalwa kuma a kan tushe, amma tsakaninsu akwai giɓi da ke matsowa gaba duk lokacin da wani zamani ya shuɗe. Na ga hakan da idona. Gwaggo tana iya kwana tana ba da labarin mahaifinta, kakanta kuwa jimla biyu ta sani a kansa, daga nan sai ta yi tsalle zuwa ga wanda aka ce shi ya kafa gidan. Giɓin nan yana bin bayanta ne, kuma kakana shi ne na gaba da zai faɗa ciki.

Akwai kayan aiki guda da ya cancanci ambato ga wanda kakanninsa suka bar sawu a takardun hukuma. A 2024 shafin ya fito da binciken da ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta rubutun hannu, ta yadda za a iya neman suna a cikin jikin takarda gaba ɗaya, ba a kanunta kaɗai ba. An fara ne da takardun filaye da na rabon gado na Amurka da wasu na Meziko. Amfaninsa ga mai ba da labari a bayyane yake, domin mutum yakan fito a matsayin mai shaida, ko maƙwabcin da aka ambata a iyakar gona, ko wanda ake bi bashi, kuma irin waɗannan wurare ne ke nuna da wa ya yi hulɗa. Na'urar tana kuskuren karatu, saboda haka tilas a buɗe ainihin hoton takardar a duba.

Bishiya ɗaya ga kowa tana da daɗi, tana kuma da haɗari, kuma ni kaina na zama haɗarin. Na ga shafuka biyu masu suna ɗaya da uba ɗaya, na ɗauka maimaici ne, na haɗe su. Ashe wa da ƙani ne: na farkon ya rasu yana jariri, aka mayar wa na biyun sunansa. Da dannawa ɗaya na shafe yaron da ba shi da wata alama a duniya sai wannan layi. Wata 'yar uwa da ban taɓa sani ba ce ta aiko mini da saƙo ta cikin shafin, cikin ladabi, ta nuna mini kuskuren, muka bi kundin sauye-sauye muka dawo da shi. Tun daga ranar nake karanta shafi sau biyu kafin in taɓa shi. Wanda ba zai jure a taɓa masa aiki ba zai sha ɓacin rai a nan, domin kamar yadda na gyara na wani haka wani zai gyara nawa. Amma ta wannan hanya na samu 'yar uwar nan, kuma a wurinta na samu hoto na biyu na kakana, yana zaune a cikin mutane, hannun nan dai a cikin riga.

Batun sirri yana buƙatar natsuwa. Shafin wanda yake raye ba a nuna shi ga jama'a, wanda hakan daidai ne. Abin da aka ɗora a Memories kuwa yana da zaɓin a bayyana ko a ɓoye, kuma wajibi ne mutum ya duba kafin ya saki, domin labarin mamaci kusan koyaushe yana ɗauke da sunan mai rai. Ana kuma tantance hotuna bisa ƙa'idojin shafin, don haka ba kowane hoto ne zai wuce ba. Sai dai babu wata ƙa'ida da za ta yanke maka hukunci a kan abin da ya kamata ya fita daga cikin gida. A tsakiyar hirarmu Gwaggo ta faɗi wani abu game da auren kakana na farko, sannan ta dubi wayar ta ce, "Wannan kada ka sa shi a cikin abin naka." Ban sa ba. Na kuma lura cewa abin da take faɗa mini daban yake da abin da take faɗa wa 'yarta, domin ni namiji ne kuma ɗan ƙaninta. Masana sun daɗe da lura da irin wannan a hirarraki fiye da 2,300 da gwamnatin Amurka ta sa aka yi da tsofaffin bayi tsakanin 1936 da 1938, inda mafi yawan masu tambayar fararen fata ne, abin da ya sa ake karanta amsoshin da taka-tsantsan. Shi ya sa a isnadina nake rubuta har da wanda ya yi tambayar, na kuma roƙi 'yar Gwaggo ta yi tata hirar ba tare da ni ba.

Idan aka gwada shi da makamantansa, kowanne da inda ya fi ƙarfi. StoryCorps, wanda Dave Isay ya kafa a Amurka a 2003, ya fi shi iya tsara hira: mutum biyu da suka san juna suna zama na minti 40, kuma ana ajiye kwafi a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, amma hirar ba ta rataye a jikin wata bishiyar zuri'a. Storyworth, wanda ake biya, yana aika tambaya ɗaya kowane mako tsawon shekara sannan a buga amsoshin a littafi, tsari mai kyau ga dattijon da ke karatu da rubutu, amma da Gwaggo aka aika wa da tun makon farko an tashi. Sai kuma manhajojin da suka yi tashe tun daga 2021, masu sa tsohon hoto ya motsa, ya ƙifta ido, ya yi murmushi. Na gwada wata daga cikinsu da hoton kakana na nuna wa Gwaggo ina jiran ta yi murna. Ta kalla sau ɗaya ta ture wayar ta ce, "Wannan ba Baba ba ne. Baba ba ya buɗe haƙori idan zai yi dariya, kafaɗarsa ce ke rawa." Na'urar ta ba shi murmushin wani, kamar yadda ni na ba shi ruwan saman da ba a yi ba. Maganar kafaɗar dai na roƙe ta ta maimaita, na ɗauka, tana nan a jikin hoto na biyu.

Ga wanda yake son wurin ajiya na kyauta, inda murya da hoto da takarda za su zauna tare a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma dangin da bai sani ba su iya tarar da su, ina ba da shawarar sashen Memories ba tare da jinkiri ba, muddin ya san masu shi, ya riƙe nasa kwafin, kuma ya ɗora wa kansa dokar isnadin da shafin bai ɗora masa ba. Ga wanda yake son a tsara masa littafi mai babi-babi, ko yake son bishiyar da babu mai taɓawa sai shi, gara ya nemi wani wuri.

A shafin kakana yanzu akwai hoto biyu, da takarda ɗaya, da guntayen sauti goma sha ɗaya, da labari huɗu. Gurbin shekarar haihuwarsa har yau kintace ne, na kuma rubuta a wurin dalili cewa kintace ne. Hirar da 'yar Gwaggo ta yi ta iso mini a makon jiya, kuma a cikinta Gwaggo ta ambaci sunan abokin aikin da aka zarga da sata, sunan da ba ta taɓa faɗa mini ba. Na nema a bishiyar, na ga wani ya riga ya buɗe masa shafi, babu hoto, babu labari. Na aika wa wanda ya buɗe saƙo ina tambayarsa ko a gidansu an taɓa ba da labarin wani mutum mai yatsa uku da ya ƙi ba da shaida.